Shekarar da Golanmu Ya Buga Rabin Wasa

A shekarar da aka ce baƙi su bar Gana, ba a ci ƙungiyarmu ta ƙwallon gora ko sau ɗaya ba. Wani mai sito a unguwar Kokomlemle ne ya tara mu, yawancinmu 'yan unguwar Nima. Da sunan leburori ya ɗauke mu, amma kowa ya san don wasan ne: mu ɗan taɓa buhu da safe, da rana mu tafi fili da sandunanmu.

Ni ɗan baya ne, kuma duk ƙungiyar babu mai nauyin ƙafata. Wanda ya rufa mini asiri shi ne golanmu, wani dogon Bazabarme mai baki kamar reza. Gida ɗaya muka tashi, ɗakin uwarsa na kallon na uwata. Duk ƙwallon da ta wuce ni sai ya tare, sannan ya bi ni da gori.

"Cale, abokina, wannan ƙafa ce ko turmi? Ko kakana zai tare wannan."

Ni ma ba kanwar lasa ba ce, nakan juya in rama. Alƙalin wasa ya taɓa fitar da ni saboda zagin golan ƙungiyata.

Da umarnin ya fito ban ɗauka ya shafe shi ba. A Nima aka binne cibiyarsa, yaren Ga na mutanen garin ma ya fi Zabarmanci zama a bakinsa. Amma ubansa daga Nijar ya zo, kuma ba su da takarda. Ni iyayena 'yan arewacin Gana ne, babu mai taɓa ni. Lorin da za ta kwashe su sai ta faɗo ranar wasanmu na cin kofi.

Na ce ya ɓuya a ɗakina har ƙura ta lafa.

"In bar tsoho ya hau lori shi kaɗai?" ya ce. Na yi ta masifa, ya bar ni har na gaji. "Zan buga rabi. Direba ya ce sai bayan la'asar."

Ya buga rabin. Babu abin da ya wuce shi, kuma bai taɓa zagina kamar ranar ba. Da aka tafi hutu ya kwance kayan ƙafarsa, ya ɗaura wa mai jiran gado, wani Badagombe mai sanyin hali. Ya bi kowa ya ba shi hannu. Da ya zo kaina sai ya ce, "Ka buɗe ido, turmi. Yau ba mai share maka." Ya ruga ya tari trotro, motar haya, da rigar wasa a jikinsa. Ban raka shi ba, an busa usur.

Ba a jima ba ƙwallo ta bi ta tsakanin sandata da ƙafata. Na ɗage kafaɗa ina jiran gorin. Sabon golan ya tare ta sarai, sannan ya ce a hankali, "Ba komai, yaya."

Nan zuciyata ta karye. Sauran wasan na buga shi ne ina share ido da hannun riga.

Mun ci kofin, mai sito ya ajiye shi a ofis. Golanmu kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na ƙara shekaru ina wasa, na yi kuskure ba iyaka, kuma ba wanda ya sake ce mini turmi.