Randar Gwaggo a Ƙarƙashin Murhu

Shekarar da aka turo ni koyarwa Belbeji, a gidan Baffa na sauka, ƙanen mahaifina. Bai daɗe da ajiye aikin duwan ba, wato kwastan, amma aikin bai ajiye shi ba. Duk abin da ya shigo gidan sai ya bincike shi, har da mutane.

Cikin mutanen akwai Gwaggo, ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu a wajen Tarka bayan fari ya cinye musu bisashe. Ta dawo da tabarma, da ƙullin tufafi, da wata baƙar randa ta mahaifiyarsu. Da randar aka kai ta gidan miji, da ita ta dawo. Ta kafa ta cikin rairayi a gindin aduwa, kuma ko a tsakiyar bazara ruwanta sai ya kama haƙori.

Baffa ya sa aka shafe madafa da siminti, ya sayo murhun ƙarfe daga Damagaram, ya yi mana jawabi a kansa kamar mai buɗe asibiti. Ba a jima ba zafi ya tsaga simintin, tsaga mai rassa, irin kogunan da nake zana wa ɗaliban da ba su taɓa ganin kogi ba.

"Ke ce," in ji Baffa. "Kin saba da duwatsu uku a daji, kina hura wuta kamar za ki gasa raƙumi."

"Yaya, da hararar tukunya zan dafa tuwon?"

Aka kira magini. Ya ce a ɗora murhun kan ɗan dakali na yumɓu, da kashin jaki, da toka, da dakakken tsingaro, wato garin fasasshiyar tukunya, domin lakar da ta taɓa shiga wuta ba ta tsoronta. Aka bi unguwa neman fasassun tukwane, aka dawo da fasassun robobi. Zamani ya riga mu.

Sai idon Baffa ya sauka a gindin aduwa.

"Wannan ai ta tsufa."

"Ta Inna ce, Yaya."

"Ni ma uwata ce. Rabona nake so, kuma na namiji kaso biyu ne. In ba ki yarda ba, motar Tarka tana tasha. Ki je ki dafa wa kushewa."

Bai fasa ta da hannunsa ba, don ɗan duwan ba ya taɓa kaya, nunawa kawai yake yi. Gwaggo ce ta juye ruwan a gindin bishiyar, ta ɗauko taɓarya. Sai da ta buga sau biyu. Ta kwashe gutsattsarin cikin turmi ta daka, ta tankaɗe da rariya kamar garin biki. Ita ta kwaɓa lakar da ƙafa, ta tayar da dakalin, ta goge samansa da dutse, ta rufe shi da buhu ya bushe a inuwa.

Abin haushin shi ne, dakalin ya yi kyau. Siminti bai sake tsagewa ba. Baffa yakan ja baƙi har madafa ya nuna musu, yana cewa dabararsa ce.

Da bazara ta kama, ruwan gida ya koma cikin bido, wato jarkar roba, mai ruwan ɗorawa. Wata rana bayan azahar Baffa ya kurɓa, ya furzar.

"Ruwa na ce ko shayi?"

"Mai sanyin yana ƙarƙashin murhu, Yaya," in ji Gwaggo. "Kaso biyu naka ne."

Na zaci ya ji kunya. Washegari ya sayo kula, yana sa a cika masa ita da ƙanƙara daga kasuwa, yana ajiye ta a ɗakinsa, ɗakin da yake kullewa in zai fita. Mu muka ci gaba da shan shayin.

Kowace safiya, kafin ta hura wuta, Gwaggo takan yayyafa wa dakalin ruwa, ta sunkuya, ta daɗe tana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka. Na tambaye ta dalili, ta ce don kada ya tsage ne. Ina wurin lokacin da magini ya yi bayaninsa, kuma bai faɗi haka ba.