Ruwan da Baba ya ce tarko ne

A daminar shekarar da aka yi zaɓen jam'iyyu, ina aji uku a lakwal ɗin ƙauyenmu da ke gefen Dogarawa, ruwan shuka ya sauka wata Talata da asuba. Kafin rana ta ɗaga gari ya watse, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoƙon iri. Inna ta fito da irin geronmu, ni da ƙanena Sani mun shirya, don aikinmu ne bin bayan mai sara muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. Baba kuwa ya fita gindin itacen bedi na ƙofar gida, ya share yashi, ya tona ramukan dararsa talatin ya zauna.

Baba gwanin dara ne, wannan ban hana shi ba. Direbobin motocin siminti na Malbaza kan tsaya musamman don su gwada shi, su tashi suna kakkaɓe riga suna dariyar kunya. Shi da guntayen kara yake yi, abokin wasa da tsakuwa. Yakan bar maka ɗa guda a sarari, ka yi murna ka ci, kafin ka ɗago kai ya jera uku sau biyu ya kwashe naka. Daga nan ya ɗauko karatunsa na duniya. "Abin da aka miƙo maka da sauƙi, duba bayansa," haka yake cewa, dattawa suna gyaɗa kai kamar sun ji wa'azi.

To, ranar nan ya ce ruwan ma haka yake. Wai bara an yi irinsa, mutane suka zuba iri, rana ta ƙone shi. Inna ta tsaya daga zaure ta ce, "Malam, ƙasa ta jiƙa har kamu guda, ko rabin gonar mu tahi mu rufe." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ku bari masu gaggawa su fara motsawa."

Masu gaggawa suka motsa, ruwa kuma bai yaudari kowa ba. Ya dawo bayan kwana biyar, ya sake dawowa. Baba ya ga tsiron maƙwabta ya yi kore, amma mutumin da ba a taɓa ci a yashi ba, yaya zai ce ya yi kuskure? Ya ƙara mako biyu yana duban gabas. Da muka shuka, na mutane ya kai gwiwa. Ruwa ya ɗauke namu yana fitar da kai, muka yanka kara da ƙaiƙayi. Dami bakwai na ƙirga da idona ana sawa a rumbu.

Kafin sanyi ya wuce aka cire ni daga lakwal, aka kai ni Ƙonni gidan gwaggona, ina daka, ina jan ruwa, ina kai hura tasha, don a rage baki ɗaya a gida. Mushe, malaminmu na lakwal, ya zo har gida ya roƙa a mai da ni aji. Baba ya ba shi tabarma, ya kuma ci shi dara sau biyu.

Yanzu Baba ya rasu, mutane suna cewa an yi rashin mai hangen nesa. Ɗana Ibro shekararsa shida, na fara ganinsa tsugune bayan masu dara a bakin kasuwa, bakinsa a buɗe, idonsa tsaf irin na kakansa. Nakan ja kunnensa har gida, in zaunar da shi gaban littafinsa, in tsare shi kamar ina gane abin da ke ciki. Wani lokaci ya nuna mini kalma ya ce, "Inna, mi an nan?" Sai in ce ya bari gobe ya tambayi mushe.