Injiniya Abdulrauf Dogara, Maƙerin Ma'aunin Iska na Guangzhou

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Abdulrauf Shehu Dogara a unguwar Fagge da ke birnin Kano a shekarar 1978 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1398 Hijiriyya. Mahaifinsa, Malam Shehu Dogara, mai gyaran rediyo ne a kasuwar Sabon Gari, mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Ladidi, ta shahara da haɗa turaren wuta, sana'ar da ta gada wajen kakarta. Shi kaɗai Allah Ya raya musu. Tun yana ƙarami ya tashi yana jin tarin mahaifiyarsa, wadda ke fama da ciwon asma, kuma wannan tari shi ya zame masa damuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Karatunsa

Ya yi karatun allo da firamare a Fagge, ya wuce makarantar koyon sana'a, daga nan ya sami digiri a fannin lantarki a shekarar 2003. Malamansa sun shaide shi da hazaƙa, sun kuma shaide shi da gajen haƙuri, domin bai iya ganin abu a karkace ya yi shiru ba. Bayan rasuwar mahaifinsa a 2005, sai ya sami gurbin ƙarin karatu a wata jami'a a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda ya sauka a 2006.

Aikinsa da Aurensa

Da ya kammala, sai ya zauna a birnin yana tafinta ga 'yan kasuwar Kano masu sauka a masaukan titin Huanshi, yana raka su manyan shagunan Liuhua, yana bin kwantenoninsu har tashar jiragen ruwa ta Nansha. A 2010 ya auri Aicha, 'yar Maraɗi, ɗaliba a fannin haɗa magunguna, wadda ita kaɗai aka sani da iya sanyaya shi idan ya hau.

Ƙirƙirar Ma'aunin Iska

A 2016, lokacin da na'urorin auna gurɓatar iska suka yi araha, ya buɗe ƙaramin ɗakin aiki a unguwar Xiaobei, ya tsara wata na'ura da ya raɗa wa suna Ma'aunin Iska. Akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, yana da hudoji da 'yar fanka mai zuƙo iska, da fitila mai nuna kore idan iskar ɗaki lafiya take, ja kuwa idan ta gurɓace. Da gangan yake sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa, bisa hujjar cewa duk wanda ya ɗaura fankar nan da hannunsa zai fahimci cewa abin nan numfashi yake yi. Hujja ce mai kyau, sai dai bai yi shawara da Kanawa ba kafin ya kafa ta.

Ta farko da ya haɗa da hannunsa, mahaifiyarsa ya aika wa, ya sa wa na'urar layin waya domin ta riƙa turo masa sakamako har Guangzhou. Manufarsa ita ce ya san irin iskar da tsohuwar ke shaƙa, tsakanin kaskon turare da janareton maƙwabta. Kusan shekara biyu wayarsa na nuna masa kore, yana hamdala, har yana nuna wa abokan ciniki a matsayin shaida cewa ɗakin Hajiya ya fi asibiti tsabta.

Komawarsa Kano

A watan Agusta na 2018 aka kwantar da Hajiya Ladidi a asibiti numfashinta na sarƙewa, likita ya ce hayaƙi ne ya yi mata yawa. Abdulrauf ya iso Kano yana musu da likita, yana nuna masa koren da ke wayarsa. Da ya shiga ɗakin mahaifiyarsa sai ya tarar da na'urar a naɗe cikin leda biyu, an ɗaure bakinsu tam, an ajiye ta cikin kabet mai gilashi tsakanin tangaran na alfarma, wayar wuta kaɗai aka zuro waje. Ashe duk tsawon lokacin nan iskar cikin leda yake aunawa daga ƙasar Sin. An ruwaito cewa ya daɗe tsaye gaban kabet ɗin yana salati.

Da Hajiya ta sami sauƙi ya yi mata bayani cikin ladabi gwargwadon iyawarsa, amsar da ta ba shi kuwa iyali sun riƙe ta har yau: "Haba Abdu, abin da ɗana ya ƙera da hannunsa a Chana shi zan bari hayaƙi ya ɓata?" Ya ciro na'urar ya rataye ta a bango, nan take ta yi ja. Kafin jirginsa ya sauka Guangzhou ta koma kore.

Gwagwarmayarsa da Leda

Binciken da ya yi daga baya ya nuna masa cewa lamarin ya wuce gidansu. 'Yan kasuwa ba su taɓa sayar da ita a wargaje ba; haɗawa suke yi a shago, su liƙe ta da leda, domin mai saye ba ya yarda kaya sabo ne sai ya gan shi a rufe, kuma idan ya kai gida ba ya cirewa don kada ya tsufa. Da ya yi ƙorafi ga babban dillalinsa, Alhaji Maidaji, sai ya ce masa, "Lawban, kai dai loda mana kaya. A Kano abin da ba leda, meyo ciniki," wato, da guntun Sinancinsa, "Lawban" maigida, "meyo ciniki" kuma babu ciniki.

Daga 2019 zuwa 2023 ya sake fasalin na'urar ba sau ɗaya ba. Ya buga gargaɗi da Hausa da ajami a jikinta, aka rufe gargaɗin da leda. Ya munana ta da launin toka don kada a yi sha'awar adana ta, sai teloli suka fara ɗinka mata riga mai ado. Ya sa mata ƙararrawa mai kuka idan an toshe hudojinta, dillalai suka riƙa tsinke wayar ƙararrawar tun a shago. Kowace Juma'a kuwa sai ya kira mahaifiyarsa ya roƙe ta ta cire ledar, ita kuma ta sa masa albarka, ta tambayi jikoki, ta yi tari, ta kashe waya. Ya sha faɗa wa Aicha cewa ya ci jarrabawar injiniyoyin Sin da yarensu, amma leda ta gagare shi.

Rasuwarsa

A farkon 2024 hawan jini ya tsananta masa. Ranar Talata, 14 ga Mayu, ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin aikinsa, Allah Ya karɓi ransa a asibiti da yammacin ranar, yana da shekara arba'in da shida. 'Yan kasuwa da ɗalibai na Najeriya da Nijar da Ghana suka sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Guangzhou.

Ya rasu ya bar matarsa Aicha da 'ya'ya uku: Saffana, Umar Faruƙ da Rukayya. Ya kuma bar mahaifiyarsa da rai. Bayan an watse daga zaman makoki a Fagge, Hajiya Ladidi ta buɗe kabet da kanta, ta kwance ledojin, ta rataye na'urar a bango. Fitilar ta yi ja. Ta dube ta, ta ce, "To, na ji, Abdu." Ta ɗauki kaskon turaren ta fita da shi tsakar gida, bai kuma sake shiga ɗakinta ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.