Kabejin da Ya Ƙi Naɗewa

Shekara tara ke nan da muka raka ƙanina Malam Nasiru makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. An ce in ana tuna mamaci a sassauta harshe. To ni Allah bai ba ni sanyin baki ba, bana kuma ina da dalili: ranar Juma'a mai zuwa dangi za su zauna kan sayar da lambunsa ga masu yanka filaye.

Nasiru malamin firamare ne a ƙauyenmu, gefen Ɗambatta. A shekarun da hatsi ya yi tsada har gidaje suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, matarsa Binta tana da juna biyu. Ta ɗashe fat, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. A asibiti aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce ta dage da cin ganye, da nama in da hali. Halin ne babu. Sai Nasiru ya samo iri wajen wani abokinsa malamin gona, da shigowar sanyi ya dasa a lambunmu na gado da ke bakin rijiya. Sunan abin burokoli. Ya ce shi da kabeji da farin kabeji duk gidansu ɗaya.

Har yau ina jin muryarsa. "Yaya, wannan yana taimakon jini, yana ƙarfafa ƙashi, yana sa ciki ya saki. Bitamin ɗin da ake nema a lemo ma akwai shi a ciki. Kar dai ki dafa shi ya yi lugub. Turara shi kaɗan, ki kwaɗa da ƙuli." Ni ma dariya na yi masa a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Mutanenmu kabeji suka sani, shi kuwa kabeji naɗewa yake yi. Wannan sai ya baje ganye, ya fito da wani curi kore a tsakiya. Duk mai wucewa sai ya leƙo ta shinge: "Malam, har yanzu bai naɗe ba?" Nan da nan suka laƙaba masa Malam Bai-Naɗe-Ba. Jagoran tsiyar kuwa Baffa Haladu ne, ƙanin mahaifinmu, mutumin da bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba.

Daidai lokacin da abin ya isa yanka, zazzaɓi ya kwantar da Nasiru. Baffa ya zo ya duba, ya yanke hukunci shi kaɗai cewa kabeji ya lalace, ya buɗe shinge ya kora awakinsa ciki. Wata biyu da rabi na jan guga, awaki suka gama da shi kafin azahar. Da Nasiru ya ji sauƙi ya je ya gani, ya juya ya koma gida. Ni na je na yi magana. Baffa ya dube ni ya ce, "Ke Rakiya, abincin awaki ne, awaki suka ci. Me aka yi?"

Binta ta haihu da ƙyar. Ba zan ce ganye ne zai kare ta daga wahalar ba, shi kansa Nasiru yakan ce abinci ne, ba laya ba. Amma abin da talaka ya iya tanadar wa matarsa ke nan, aka ba dabbobi, aka kuma bi shi da dariya. Ban yafe wannan ba. Ya sake dasawa da sanyi ya zagayo, ya yi ta yi shekara uku, har hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Kano. Binta ta gaji aikin, da lambun nan take ciyar da marayu huɗu.

Me Nasiru zai ce da ya ga yau? Tsada ta dawo, ta fi ta da. Baffa kuma ga hawan jini ga ciwon suga. Likita ya rage masa tuwo, ya ce ya kama ganye: kabeji, zogale, burokoli. 'Ya'yansa suna sayo masa a kantin birni cikin leda, suna lanƙwasa harshe wajen faɗin sunan. Na san ƙanina, murmushi zai yi ya yanko ya kai masa har gida. Ni ba Nasiru ba ce.

Makon jiya Baffa ya aiko, wai na birni ya fi ƙarfin aljihu, a ɗan taimaka masa da na lambu. Lambun da shi ne kan gaba wajen sayarwa! Binta, baiwar Allah, ta turara ta kwaɗa. Na ce ta kawo, ni zan kai.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ajiye kwano a gabansa. Na ce, "Baffa, ga abincin awaki. In an sayar da lambun, wannan ne na ƙarshe." Ya sunkuyar da kai. Can sai ya jawo kwanon.

Nasiru bai bar gida a birni ba, bai bar suna ba sai na tsokana. Ya bar 'ya'ya huɗu da ba su taɓa kwana babu ganye a kwanonsu ba, da wani tsoho da yau yake rayuwa da abin da ya raina. Ina zaune Baffa ya cinye, ya sa yatsa ya suɗe kwanon tas. Ranar Juma'a zan zauna kusa da shi, in ga ko wannan yatsan zai iya dangwala wa takardar sayar da lambun.