Ganyen magaryar da Inna ba ta samu ba

Uwata, Inna, ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu na Tajaye. Ta daɗe da ɗaure ƙanwarta da alkawari cewa in ranarta ta zo, ita za ta wanke ta. Takan tsokane ta: "Ke dai ki daka magaryar da kyau, na san ki da ƙiwuya."

A shekarar korona, cikin zafin bazara, tari ya kama Inna. Muka kai ta gidan likita a Konni, can rai ya yi halinsa. Ni da ƙanwar tata, wadda muke kira Inna ƙarama, muka zauna a bakin ƙofa muna jiran a ba mu ita.

Sai rigimar manya ta faɗo kanmu. Umurni daga babban birni ya ce wanda ya rasu da tari kada dangi su taɓa shi, ma'aikata ne za su rufe shi. Hukumar jiharmu kuwa ta ce a ba dangi gawarsu su wanke da safar hannu, tunda ba a tabbatar da cutar ba. Likitan ya rasa wanda zai bi. Ya shiga buro, ofishinsa, ya buga waya, ya fito, ya koma. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskar Inna ba suna ta ja-in-ja a kanta, rana tana ƙara zafi. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Inna ƙarama ta riga ta tsinko ganyen magarya ta ƙulle a gefen zani. Ta tare likitan ta ce, "Ɗana, ka bar ni in shiga ni ɗai. In cutar ta kama ni, na yahe. Alkawali na ɗauka."

Kafin la'asar maganar babban birni ta rinjaya. Wasu maza cikin fararen kaya suka fito da Inna a naɗe, maza suka yi mata salla daga nesa. Matar da ta wanke uwayen rabin ƙauye ta tafi ba wanka.

Da muka koma gida, Inna ƙarama ba ta zauna wurin gaisuwa ba. Na same ta a bayan ɗaki ta daka magaryar lukui, ta dama a ruwa, ta shimfiɗa zanen sallar Inna a kan tabarma. Ta yi bisimilla, ta fara wanke shi daga dama, kamar yadda yayarta ta koya mata.