Sarkin Ruwa a Busasshen Tabki

An naɗa maigidana Sarkin Ruwan garinmu a shekarar da ruwan ya ƙare. Garin yana gefen hanyar Isa zuwa Sabon Birni, kuma tabkin da ke bayansa shi ne gonar rabin mutanensa. Ni kaina da bandar kifi na tashi, da ita aka kai ni gidan miji.

A al'adarmu, da zarar ruwa ya fara ja baya Sarkin Ruwa yakan rufe tabki, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe da bakinsa, gari duka a shiga su, wato kamun kifi. Surukina, Sarkin Ruwa na lokacin, ya rufe, sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Tsakanin rasuwarsa da naɗin ɗansa babu mai ikon buɗewa, ruwan kuma bai tsaya jiran rawani ba. Tarwaɗa da karfasa suka mutu a taɓo, shirwa da karnuka suka yi bikinsu. Ranar da aka ɗaura wa maigidana rawani, abin da ya gada wani makeken fili ne mai tsattsagewa kamar diddigen tsohuwa. Amma a lissafinsa tunda ba a buɗe ba, tabki yana nan a rufe.

Kullum da safe sai ya saɓi gorarsa, irin wadda masunta ke kwanciya a kai su yi iyo, ya tafi tsakiyar filin ya zauna. Masu zuwa kasuwa sun samu gajeriyar hanya, shi kuwa ya ce sai dai su zagaya. Wani Bafulatani da ya koro shanu ya taɓa tsayawa ya dube shi da kyau, ya ce, "Sarki, ina ruwan da kaka tsaro?"

"Ruwa ya yi tahiya, tabki bai bi shi ba," in ji shi. "In maigida ya tahi kasuwa, sai a ce gidanai ya zama hanya?"

Bafulatanin ya zagaya da shanunsa. Ni kuwa kunya ta ishe ni. Mata a bakin rijiya har tambayata suke ko Sarki ya dawo a jiƙe, in shanya masa riga.

Damina ta biyu ma ta zo hannu rabbana. Rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, muka koma cin tafasa da 'ya'yan anza na daji. A nan ne mutane suka tuna da gaiwa, kifin nan da in ruwa ya ƙafe sai ya nutse cikin laka ya naɗe ya yi barci, ana cewa jikinsa yake ci har ruwa ya dawo. Sai ga magidanta da fartanya suna haƙa a gefen tabki, suna zaro kifi daga ƙasa.

Maigidana ya ce wannan ma kamun kifi ne, su kuwa ba a buɗe ba. Sarkin Noma, wanda taubashinsa ne, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ya ce duk abin da fartanya ta fitar daga ƙasa amfanin gona ne, yana ƙarƙashinsa. Aka tafi gaban maigari. Tsoho ne mai son zaman lafiya, wanda bai taɓa yanke hukuncin da zai hana shi gaisawa da kowa ba. Ya shafa gemu, ya ce, "In anka hiddo ta tam motsa, kihi ta, ta Sarkin Ruwa. In tay yi lamo, rogo ta, ta Sarkin Noma."

Haka kuwa aka yi. Dattawa biyu da rawunansu suka riƙa bin ramuka a cikin rana, suna durƙusawa suna leƙen wutsiyar kifi. Wadda ta motsa, maigidana ya sa a mayar da ita a rufe da ƙasa. Ba a yi kwana nawa ba mahaƙa suka gane kan abin: tun tana cikin rami sai su ƙwala mata ƙota a ka. Daga nan ba a sake samun kifi ko ɗaya a tabkinmu ba, sai rogo mai ido da baki.

Da ya ga haka, sai ya saki gefe ya kama tsakiya. Ya saro ƙaya ya kewaye wurin da ya fi zurfi, inda manyan gaiwa suke kwance. Tabkinmu ba gulbi ke ba shi ruwa ba, na sama ne kawai, saboda haka duk abin da aka cinye ya tafi ke nan. Ya ce wa taubashin nasa, "Kai da ka ɓoye damen iri bisa rumbu ɗiyanka na kuka, mi kaka kira wanga?" Washegari aka ga Sarkin Noma yana taya shi jan ƙaya, yana zaginsa.

Ana cikin haka 'yarmu ta fari ta dawo gida haihuwa. Ta sauka lafiya, mace, amma nono ya ƙi zuwa, don mai jego ba ta yin nono da tafasa. Jaririyar ta yi kuka har kukan ya koma kamar na ɗan mage, daga baya ma sai buɗe baki kawai take yi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Maigidana kuwa, da yake 'yarsa ta fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya tambayi jikinta. Sai dai ya tsaya a bakin zaure ya yi gyaran murya, ya daɗe, ya wuce.

Wata azahar na same shi a kan gorarsa. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Sarki, jikarka za ta mutu kana zaune bisa nama. Haƙo guda ɗai. Wa za shi ce maka don mi?"

Ya ce, "Gidan maƙeri ma akwai mai jego. Gidan liman akwai biyu. In na haƙa tabki na rufe, ɓarawo ni ke. In na buɗe, na buɗe ma kowa."

Na ce masa to ya zauna, in ruwan ya dawo gaiwa ta kira shi kaka. Na juya ina kuka, ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin cewa na san gaskiya ya faɗa.

Da safe sai na ji kiɗan su. Na leƙa, ga makaɗi a gaba, ga maigidana a baya ya naɗe wando har gwiwa, gora a kafaɗa, homar kama kifi a hannu. Gari duka ya biyo shi, kowa da fartanya. Bai rage komai daga abin da ubansa ke yi ba. Ya tsaya a gaɓa ya yi addu'a, ya roƙi iskokin ruwa su yi haƙuri da baƙi, ya shiga a hankali yana ɗaga ƙafa kamar mai gudun santsi, ƙura tana tashi. Ya janye ƙayar da hannunsa. Ya kifa homa a kan busasshiyar ƙasa, ya ɗago ta wayam, ya ce, "Na buɗe." Ba wanda ya yi dariya, har Sarkin Noma.

Kafin rana ta take, tsakiyar tabkin ta koma ramuka. Kifin farko na Sarkin Ruwa ne, haka al'ada ta ce. Ya kawo mini gaiwar a rungume, ƙatuwa, da lakarta, ya ajiye a bakin murhu yana kallon bango, ya ce, "A ba yarinyar can romo." Na dafa da barkono da kanwa. Kwana biyu nono ya zo, jaririya ta tsala kukan da har maƙwabta suka yi mana barka.

Ruwa ya dawo daga baya, tabki ya cika har ya taɓa gonaki. Kwaɗi ne kawai a ciki. Masunta suka watse, wasu gulbi, wasu ƙetaren iyaka, ni ma na rushe murhun banda na koma suyar ƙosai. Maigidana ya rasu bai sake ganin gaiwa a ruwansa ba, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Jikar tana nan, da 'ya'yanta, a Isa take aure. Ko a bakinta ba ta sa kifi, wai ƙarni yake mata.