Kifin da Mozid Ya Ajiye wa Rubel

A kasuwar bakin kogi an ce wai kifin Mozid ya haɗiye akuyar liman har da igiyarta. Ƙarya ce, ni na ƙirƙiro ta. Agwagwa ce, ita ma ƙarama, kuma ta tsira da rabin jela.

Mozid taubashina ne, ɗan kawuna. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a bukkar da ke kan gaɓar tafkinsa, can ƙasan garin Satkhira, inda ruwan ba na sha ba, ba na teku ba. In ruwa ya taso ya ɗaga katakon da ke tare mashigar tafkin, in ya janye ya mayar. Bhetki yake kiwo, kifin da ba ya jin kunyar cin ƙaninsa. Duk sati biyu yakan shiga ruwa har ƙirji yana tace su, manya nan, ƙanana can. In ya yi sake, ɗari sai su koma goma masu tumbi.

Shekara huɗu ke nan ya ware guda ɗaya a wani lungu da ya killace da gora. Na Rubel ne, ɗansa da ke ɗinki a Dhaka, wanda ya ce zai zo sallah. Sallah takwas ta wuce, kifi yana ta girma. Yanzu ya fi cinyata, in ka bar ni ma in ce ya fi ni.

Da asuba Mozid zai buga gora sau uku, sai ka ga baƙin baya ya keto ruwa. Ya jefa masa ƙananan tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, yana ba shi labarin ciwon gwiwarsa. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi na je na buga goran, dabbar nan ta ga inuwata ta nutse. Kwana uku ba ta ci ba.

Jiya na tarar da shi a bakin lungun kifin, wayarsa rataye a ƙusa cikin leda, yana duba ta yana mayarwa, ko Rubel ya kira.

Na ce, "Mozid-bhai, ɗan'uwana, yanka shi mu ci! In Rubel ya ƙara shekara, sai dai kifin ya je Dhaka ya ɗauko shi a baya."

Bai ko juyo ba.

"Shi dai kifin in na buga yana zuwa," in ji shi. "Kai kuwa ƙaurin tukunya ke kawo ka. Matsa, inuwarka na hana shi cin abinci."